Gogen Da Ke Rataye A Bango

Yau ba maganar taki ko ta awon hatsi na zo maka da ita ba. Maganar kiɗa ce. Na san tun daga nan wani zai taɓe baki, ya ce mushe ya rasa abin rubutawa. To, ka daure ka kai ƙarshe, in ya so sai ka taɓe bakin da hujja.

Cikin ajin manya da nake koyarwa nan Matankari akwai wani saurayi, shekarunsa ba su wuce 25 ba. Wata rana muna bisa harafin "g", na ce kowa ya kawo kalma. Wani ya ce gero, wani ya ce garma, wata ta ce guga. Shi kuwa ya ce goge. Aji ya fashe da dariya, har wani dattijo ya ce, "Ɗan gado ke nan!" Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara buɗa baki ba har aka tashi. Daga baya na ji labari. Ashe ubansa mai goge ne, sananne a ƙauyukan gefen dallol, ya rasu shekara biyu ke nan. Na bi shi gida. Gogen na nan rataye a bangon ɗaki, ƙura ta rufe shi, tsirkiya ta tsinke. Na tambaye shi abin da ya iya. Ya ce take bakwai, su ma da tsohon ke ɗaure masa tsirkiya, domin shi in ya ɗaure ba ta faɗa masa daidai. Na ce tsohon fa, take nawa ya sani? Ya ce ba wanda ya taɓa ƙirgawa, amma yakan kwana yana kiɗa bai maimaita ba.

Ba a yi wata biyu ba sai ga ɗan yayata ya zo hutu daga Yamai, da gogen Nasara cikin akwati, wanda suke kira biyolon. Shekara guda ke nan yana koyo. Zafin hanya ya sassauta masa tsirkiya, salularsa kuma ba wuta. Shi ke nan, kiɗa ya tsaya. Ashe salula ce ke gaya masa in tsirkiya ta yi daidai, kunnensa bai san komai ba. Da aka samu wuta ya kaɗa mana kiɗa uku, da daɗi kuwa. Na ce wa ya tsara su, a wane zamani? Ya ce malaminsa bai faɗa ba.

Ka ga yara biyu, ɗaya da gogen ƙwarya, ɗaya da na katako, ciwonsu ɗaya. An koya wa yatsunsu hanya, an bar kansu wayam. Abin da nake ja a kai ke nan: duk mai koyon kiɗan tsirkiya yana da haƙƙin a ba shi ilimin da ke ƙarƙashin kiɗan, kuma namu na nan Arewa shi aka fi zalunta, don an ma hana a kira abin da ubansa ya sani da sunan ilimi.

Bari in gaya maka yadda ake yi inda aka ɗauki abin da daraja. Akwai ƙungiyar makaɗa da ba a jin komai cikinta sai tsirkiya. Kayan iri huɗu ne, duk dangin juna. Biyolon shi ne ƙarami mai siririyar murya, sai alto da ya ɗan ɗara shi, sai biyolonsel da ake zama a jingina shi tsakanin gwiwoyi, sai kontirbas da ya kai tsawon mutum. Galibi kowanne tsirkiya huɗu gare shi. Masu biyolon akan raba su gida biyu, ka ga sahu biyar ke nan. Mutum 20 ko 30 su zauna, kowane sahu da abin da yake kaɗawa dabam, amma kunne ya ji abu guda. Yaron da aka sa cikin irin wannan ƙungiya ba a barinsa da goga izga kawai. Sai ya san sunan kowace gaɓa ta kayan kiɗansa. Sai ya san tsirkiyoyin biyolon sol, re, la, mi ne, na alto kuwa do, sol, re, la. Sai ya iya ƙirga bugu, ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru, don shirun ma a rubuce yake. Ana gaya masa wanda ya tsara kiɗan, da zamaninsa, da hidimar da aka yi shi dominta. Abin da ya fi duka wuya kuwa shi ne sauraren na kusa da shi, ya rage muryarsa in ta danne ta ɗan'uwansa.

Kafin su fara kiɗa duk sukan daidaita bisa murya guda, watau la. A da kowace ƙasa da tata la. Faransa ta tsayar da tata a 1859, ta ce ita ce muryar tsirkiya mai karkarwa sau 435 cikin sakan ɗaya. Sai a 1939 aka zauna Landan aka shirya bisa 440. Mu ma'aikatan yaƙi da jahilci irin wannan zama ba baƙo ba ne gare mu. Haka aka zauna Bamako a 1966 bisa haruffan harsunanmu, don abin da aka rubuta Dogondutsi ya karantu Damagaram.

Yanzu ka saurara da kyau, nan ne maganar take. Muryar tsirkiya abu uku ke juya ta: tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da kaurinta. In ka taɓa tsakiyarta daidai, ka bar rabi yana karkarwa, karkarwar za ta ninka biyu, murya ta koma ita ce dai amma a sama, kamar yarinya ta karɓi waƙar da babba ya ɗauko. In ka bar kashi biyu cikin uku, ka sami tazarar da ke tsakanin re da la, wadda bisa ita ake ɗaure biyolon. Wannan doka ba ta san fari ko baƙi ba. Haka take ga tsirkiyar ƙarfe, haka take ga ta wutsiyar doki. Kuma uban ɗalibina ya san ta, ko da bai taɓa jin sunan la ba.

Dubi abin da ke hannun mai goge. Ya san irin ƙwaryar da za ta yi kumbo, da wadda za ta kashe murya. Ya san fatar guza ita ce ta rufi, ya san yadda ake ja ta kada ta yage. Ya san inda jaki zai zauna ƙarƙashin tsirkiya, in ya gusa shi kaɗan murya ta sake. Ya san yawan gashin doki da za a haɗa a yi tsirkiya, da wanda za a ɗaure a yi izga, da ƙaron da za a goga mata don ta kama. (Izgar biyolon ɗin ɗan yayata ma gashin wutsiyar doki ce, kuma ƙaron itace ake goga mata. Da na nuna masa haka sai ya yi tsuru.) Da damina, in laima ta saki fata, mai goge ya san ya kanga ta ga wuta. Da hunturu ya san ya sassauta. Ba shi da salula, bisa muryar mai waƙarsa yake ɗauri. Ban da wannan, yana ɗauke da takuna cikin kansa, kowanne da mai shi: na manomi, na mai kyauta, na samari a dandali, da na iskoki wurin wasan bori, inda kowane iska ke da takensa, in aka kuskure ba a sami abin da ake nema ba.

Akwai ma abin da shi ya sani wanda ɗalibin biyolon bai sani ba. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Mu da ke koyar da rubutu kullum muna fama da wannan, don kuka ta itace da kuka na hawaye haruffansu ɗaya, wuya ta wahala da wuyan da ke ɗauke da kai haka nan, sai murya ke raba su. Mai goge yana bin wannan hawa da sauka da yatsunsa, har mai saurare ya ji kirarinsa cikin tsirkiya ba tare da kowa ya buɗa baki ba. In wannan ba ilimi ba ne, to a gaya mini sunansa.

To, su wa suka hana? Na fara da gidanmu, mu ƴan lakwal. A makarantar horon malamai da na yi, an ba mu ƴan awoyi na kiɗa. An zana mana layi biyar bisa allo, mun rera do, re, mi, mun hardace waƙoƙin Faransanci biyu ko uku na koya wa yara. Daga farko har ƙarshe ba wanda ya ambaci goge, ko gurumi, ko garaya, ko molo. Muka fito muna jin cewa kiɗa mai ilimi yana ƙetaren teku, namu kuwa hayaniyar biki ce. Alhali mutanen ƙetaren tekun ne suka zo da takarda da alƙalami suka tsuguna gaban makaɗanmu. A 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus sukutum na kalmomin kiɗan Hausa, da Ingilishi. A 2008 wata malamar jami'a a Amurka, Jacqueline DjeDje, ta fitar da littafi bisa gogen Hausawa da Fulani da Dagwamba, shi ma da Ingilishi. Namu na gida, Mahaman Garba, ya yi digirinsa na dakta bisa kiɗan Hausawan Nijar a 1992, da Faransanci. A Nijeriya Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta da Hausa bisa makaɗa da mawaƙa, Allah ya saka masa. Amma ka zagaya azuzuwanmu na manya daga nan har Tibiri, ka nemo mini ɗan littafi guda mai shafi 20 da ɗan mai goge zai buɗa ya karanta sunan jaki da kumbo. Muna da na kiwon awaki, muna da na zawo da ruwan gishiri da sukari. Duk suna da amfani. Wannan ne dai ba mu ga ya isa a ɓata masa tawada ba.

Sai masu cewa goge kayan bori ne, kiɗa kuma roƙo ne, ɗan mutunci ba ya kusantarsa. Ban zo yin fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Gaskiya ne a nan Arewa goge da bori sun daɗe tare, ba mai musun haka. Amma ka tuna Garba Liyo da Audu Yaron Goge a dandalin nishaɗi suka yi suna. Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da kukuma suka yi nasu, ita kuwa ƙanwar goge ce. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya da gwangwanin kifi ya yi wa ɗan adam wa'azin da har yanzu ake sa shi a rediyo. Dattijon da ya yi wa ɗalibina dariya, na sha ganinsa yana gyaɗa kai in an sa Ɗanmaraya. Ran auren ɗiyarsa kuma jikkuna ya zuba aka kawo manyan lasifikoki suka hana unguwa barci. Watau kiɗan yana so, makaɗin ne ba ya so ya zauna kusa da shi a aji. Kuma in ana maganar ko auna tsirkiya aikin masu ilimi ne, Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, babban littafi ya rubuta da Larabci bisa kiɗa, ya bi tsirkiyar udu yana aunawa gaɓa gaɓa da lissafi. Ba a kira shi maroƙi ba. Malami na biyu ake kiransa, bayan Aristo.

Makaɗan su ma ba zan ƙyale su ba, ko da yake nasu laifin da dalili. Da yawa cikinsu ɓoyo suke yi. Yaro ya shekara goma yana ɗaukar jaka, yana kaɗa ƙwarya, ba a taɓa zaunar da shi an ce ga yadda ake ɗauri ba. In ya tambaya a ce ido ke koyo. Wani sai ya ga mutuwa ta matso sannan ya fara nema wa ilimin magaji, wani kuwa ba ya samun wannan sarari. Ka ji labarin biram? Kayan kiɗa ne na Buduma, masuntan Tabkin Cadi, mai tsirkiya biyar, siffarsa kamar kwalekwale. Aka wayi gari gwaninsa guda ya rage da aka sani, wani tsoho Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka, da tallafin UNESCO, ya tashi ya je can ya zauna gabansa ya koya, tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Maman Barka malamin lakwal ne tun farko, mai kaɗa gurumi, shi ya sa ya gane abin da ke shirin ɓacewa. Ya kai biram har ƙasashen Turai. Shi ma ya rasu a 2018. Ka duba yadda gadon al'umma guda ya rataya ga numfashin mutum ɗaya, daga shi ya koma ga numfashin wani mutum ɗaya. Kada ka ce goge ya fi ƙarfin haka don kana jin sa nan da can. Ka ƙirga masu gogen da ka sani, sannan ka ƙirga waɗanda ba su yi furfura ba cikinsu.

Na ce ɓoyon nasu da dalili. An sha zuwa a ɗauki muryarsu, da kaset a da, yanzu da salula, a tafi, ba ko dala, ba ko suna. Wanda aka yi wa haka sau biyu dole ya rufe bakin jakarsa. Amma ɓoyo bai hana satar ba, magaji kawai ya hana. Abin da ke kare mai fasaha shi ne sunansa a rubuce jikin aikinsa. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha a Yamai, BNDA, amma ofis da takarda yake aiki, kuma wanda bai iya karanta abin da ya dangwala wa yatsa ba, ko'ina ya je a hannun wani yake. Ka ga inda ajinmu ya shigo.

Akwai kuma masu kyakkyawar niyya da ke cewa abin mai sauƙi ne, a koya wa kowa do, re, mi, a zuba takunan goge bisa layi biyar, a huta. Ban yarda ba, ko da yake rabin maganarsu gaskiya ce. Wannan rubutu wani malamin coci ne a Italiya, Guido na Arezzo, ya kafa tushensa wajen shekara 1000 da suka wuce, aka yi ta gyara shi ɗaruruwan shekaru don ya dace da kiɗansu. Kiɗanmu galibi bisa murya biyar yake tafiya, nasu bisa bakwai. Goge kuma ba ya tsalle daga murya zuwa murya kamar mai hawa matakala, zamewa yake yi, kuma daɗin yana cikin zamewar. In ka matsa shi cikin layi biyar ka sami ƙashi, naman ya zube. Don haka murya a ɗauke ta da salula, tun da ga ta a aljihun kowa, da izinin mai ita. Takarda kuwa ta riƙe abin da salula ba ta riƙewa: sunan take, mai shi, lokacin da ake kaɗa shi, wanda ya koya wa makaɗin, da wanda ya koya wa wancan.

Rabin gaskiyar tasu kuwa ita ce yaranmu su koyi wancan rubutun ma, su san la ɗin da duniya ta shirya a kai. Goge ɗaya ba ya bukatarta, amma ran da aka ce goge biyar su yi kiɗa tare, ko goge ya zauna da jita, dole a sami murya guda da kowa zai ɗaure bisa ita. An taɓa yi. A 1988 Nana Danso Abiam ya kafa ƙungiyar makaɗa a Akara ta Gana, da kayan kiɗan Afirka zalla, ya jera masu goge sahu guda kamar yadda ake jera masu biyolon. In kuma talauci za a kawo mini hujja, a Kinshasa a 1994 Armand Diangienda ya tara mutanen unguwa, yawancinsu ba su taɓa riƙe biyolon ba. Kayan ba su isa ba, suka riƙa karɓa karɓa, in tsirkiya ta tsinke su sa wayar birkin keke, har suka koyi sassaƙa nasu da kansu. Suka zauna suka koyi karatun kiɗa daga tushe. Mu kuwa ƙwarya a gonarmu take fita.

Za ka ce ai gwamnati ta yi nata, tun 1989 akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, har da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya. Madalla. Amma daga nan zuwa can kusan kilomita 300 ne. Tsohon mai goge ba zai je ba, ɗansa da ke jiran damina ba zai je ba. Goge kuma in an rataye shi a ɗakin ajiya, da lamba a wuyansa, bai fi na bangon ɗakin ɗalibina magana ba. Ajin yaƙi da jahilci kuwa yana cikin ƙauye, da allo, da alli, da mutanen da suka san makaɗan tun suna yara.

Ga abin da muka fara, ba da kuɗin kowa ba. Na sayi kaye mai shafi 100. Saurayin nan shi ya rubuta shafin farko da hannunsa: kumbo, jaki, izga, tsirkiya, ƙaro. Ya fi rabin awa a kai, ƙugiyar "ƙ" ta ba shi wahala, ya goge sau uku. Na zana masa tsirkiya bisa allo, muka raba ta biyu, muka raba ta uku, muka gwada da zaren roba bisa gwangwani har kunnensa ya fara kama tazarar. Sannan muka gano wani tsoho da ya shekara 30 yana kaɗa wa ubansa ƙwarya. Ba ya goge, idonsa ma ya tafi, amma yana rera takunan da baki, yana faɗin mai kowanne. Da farko ya ƙi. Sai da muka karanta masa sunansa da na maigidansa a kan shafi, sannan ya ce a kawo tabarma. Zuwa daren jiya mun rubuta take 31. Wasu ya ce ba a rera su da dare, sai mu dawo da hantsi. Dattijon nan mai dariya ya fara leƙowa, wai yana gyara mana sunayen ƙauyuka.

In akwai mai goge, ko gurumi, ko garaya a garinku, kai da ka iya rubutu ka je ka gaishe shi da goro. Kada ka fara da salula. Ka tambaye shi wa ya koya masa, ka rubuta, ka karanta masa ya ji. Abin da ka samu ka ba malamin ajinku ya aiko mana nan Matankari, da sunan makaɗin da na garinsu, mu haɗa. Wanda kuma ke da doki, ko ya san mai shi, muna neman gashin wutsiya mai tsawo, kamar cikin hannu guda. Gogen yaron har yanzu ba tsirkiya.